Jirgi Ba Malami Ba Ne: Nasiha Ga Mai Shirin Fita Neman Larabci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Makon jiya wani yaro a unguwarmu, wanda a gabana aka raɗa masa suna, ya zo yi mini sallama. Zai tafi Masar. Ya zauna a bakin tabarma, fasfo yana leƙowa daga aljihun gaba kamar mai jiran a tambaye shi. Na ce, "Me za ka je yi?" Ya ce, "Yaya, Larabci zan koyo. Shekara biyu in sha Allahu, ka gan ni ina zuba shi kamar Balarabe." Na yi dariya. Ba raini ba ne, muryata na ji ta lokacin da nake shirin tawa tafiyar. Abin da na gaya masa a daren shi ne nake rubutawa a nan, ko Allah zai sa ya kai ga wani mai ɗaure kaya.

Tafiyarka tana da asali, kada kowa ya sage maka gwiwa. Allah Ya ce a Suratu Yusuf, "Lalle Mu Mun saukar da shi abin karatu na Larabci, ko kwa hankalta." Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya kama hanya yana neman ilimi a cikinta, Allah zai sauƙaƙe masa hanyar Aljanna. Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda zuwa wurin Abdullahi ɗan Unaisu saboda hadisi ɗaya tak. Kuma ba kai ne farau ba daga wannan yanki namu: tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suke da makarantarsu a Masar, ta Ibn Rashiƙ, kuma a masallacin Azhar an yi zaure na musamman na ɗaliban Barno. Su da raƙumi suka je. Kai sa'o'i kaɗan ne a sama.

Amma a cikin Sahihu Muslim ɗin da ya kawo hadisin hanyar Aljanna, a nan ne kuma aka kawo mutum uku da za a fara yi wa hukunci a jefa su wuta ranar Alƙiyama, ɗayansu wanda ya nemi ilimi ya karanta Alƙur'ani don a ce masa malami, a ce masa makaranci. An kuwa faɗa, ya karɓi ladansa tun a duniya. To ka zauna kai kaɗai kafin ranar tashi ka tambayi zuciyarka: Larabci nake so, ko dai so nake a ce na yi karatu a waje? Tikitinsu ɗaya, kujerarsu ɗaya a jirgi, amma ba su sauka wuri ɗaya. Idan abin da ya fi yi maka daɗi a tunanin tafiyar shi ne hoton da za ka ɗauka a harabar Azhar ka saka a Facebook, ka gyara tun yanzu.

Ni lokacin da na sauka Alƙahira, ina ji da kaina. Na sauke Alƙur'ani, na biya Ahalari da Ishmawi a zaure, har na taɓa Risala. Aka shigar da mu jarrabawar tantance matsayi, wadda can ake kira tahdidul mustawa. Wani dattijo mai tabarau ya dube ni ya yi mini tambaya mai sauƙi: me na ci da safe, kuma ta yaya na zo daga masauki. Wallahi na san hukuncin ƙabli da ba'adi, amma ban san yadda zan ce "na hau mota na sauka a mararraba" ba. Na yi ta zufa cikin sanyin Disamba. Ya miƙo mini takarda ya ce in karanta layi uku marasa wasali. Na yi wa fa'ili fataha, na yi wa maf'uli rufu'a. Bai ce komai ba, ya rubuta lamba a gefen sunana. Aji na farko. Washegari na tsinci kaina kusa da wani yaro ɗan Indonesiya da bai fi shekara 16 ba, muna maimaita "haza kitabun, hazihi sayyaratun", ni da nake limancin matasa a masallacin layinmu.

Kwana uku ban je ajin ba. Girman kai ne, ba wani abu ba. Wanda ya dawo da ni wani ɗalibi ne ɗan Damagaram da ya riga mu zuwa, ya zaunar da ni ya ba ni labarin Sibawaihi. Mutumin nan Bafarishe ne, ba Balarabe ba. Ya je Basra neman hadisi wurin Hammadu ɗan Salama, ana yi masa shifta, sai ya ce "laisa Abud Darda'i" a inda ake cewa "laisa Abad Darda'i". Malamin ya ce masa a gaban jama'a, "Ka yi lahani, ya Sibawaihi." Bai yi zuciya ya koma gida ba. Ya ce zai nemi ilimin da ba za a sake kama shi da lahani a cikinsa ba, ya je ya lizimci Halilu ɗan Ahmad. Ya rasu wajen shekara ta 180 bayan Hijira da sauran ƙuruciyarsa, kuma har gobe Larabawa da kansu wurinsa suke komawa idan nahawu ya rikice. Ɗan Damagaram ya ce mini, "Malam, kai an gyara maka a ɗaki ne, shi a bainar jama'a. Tashi mu tafi."

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai, domin a nan ne na ga mutane da yawa sun yi asarar shekaru. Za ka sauka, 'yan gida su tarbe ka, Allah Ya saka musu, su kai ka ɗaki a Hayyul Ashir ko wata unguwa a Madinatu Nasr. Ku shida a gida ɗaya, duk Hausawa. A tuƙa tuwo da garin da aka samu, a kaɗa miyar kukar da Inna ta ƙunso maka, a zauna hirar siyasar gida da ƙwallon Ingila har ƙarfe biyun dare. Da safe a makara. A aji ka yi Larabci na sa'a uku, rabinsa kana gyangyaɗi, ka dawo ka yi Hausa na sa'a goma sha biyar. Na san wanda ya shekara huɗu a haka. Ya dawo da jallabiya mai kyau da turare, ya iya "aiwa" da "mafish mushkila", amma a ba shi shafi ɗaya mara wasali sai ya ce idonsa na ciwo. Jikinsa ne ya je Masar, harshensa yana Fagge.

Ban ce ka guji 'yan'uwanka ba, ranar da zazzaɓi ya kayar da kai su ne za su ɗauke ka. Amma ka nemi ɗaki da wanda ba ya jin Hausa, ɗan Senegal ko ɗan Tajikistan ko ɗan Malesiya, wanda in kana son ya miƙo maka gishiri dole ka nemo kalmar. In hakan bai samu ba, ku yi yarjejeniya a ɗakinku: daga asuba zuwa isha'i ba Hausa, wanda ya karya ya sayo burodi. Mun yi wannan, kuma a watan farko kusan kullum ni ke sayen burodin.

Ka kuma sani Larabcin titi daban, na littafi daban. Bamisire yana mai da jimun ga, ƙafun kuma ya haɗiye ta ta koma hamza. Ranar da na tsaya gaban mai sayar da wake da ta'amiyya na jero masa jimla da cikakken i'irabi, ya saurare ni har na gama, ya ce "Sadaƙallahul azim", mutanen wurin suka fashe da dariya. Ka koyi na titi gwargwadon abin da zai kai ka kasuwa da layin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama. Kada ka raina shi, kada kuma ka ruɗu da shi. Ba shi aka aiko ka nema ba, kuma ba shi zai buɗe maka tafsiri ba.

Wani zai ce, to ni da ban samu hanya ba fa? Malam Abdullahi na Gwandu bai je Masar ba, bai je Hijaz ba. Da ya yi niyyar gabas ma a Kano ya tsaya. A ƙasar nan ya yi karatunsa, ya rubuta tafsiri da Larabci, ya tsara nahawu da sarfu a waƙe. Nana Asma'u a gida ta koya. Jami'ar Musulunci ta Say tana nan a Nijar, Makarantar Koyon Larabci ta Kano ta yaye manyan alƙalai da malamai, zaurukan Zariya da Sakkwato ba su rufe ba. Shi ya sa nake ce wa mai jiran biza: watannin nan da kake zaune kana duba waya ko an fito da sunaye a Madina, da ka kai Ajurumiyya, littafin nahawu na masu farawa, gaban malamin unguwarku, da ka sauka can a aji na uku ba na farko ba. Wanda bai iya zama gaban malamin da ke bayan gidansu ba, ban ga abin da zai zaunar da shi gaban na Alƙahira ba.

Maganar kuɗi a taƙaice. Wani dillali ya karɓi kuɗin mahaifina da alkawarin gurbi da masauki da tallafin wata-wata. Da na sauka, babu ko ɗaya, lambarsa ma ta daina shiga. Kada ka tashi sai ka ga takardar karɓa da idonka, ka kuma yi magana da ɗalibin da ke cikin makarantar yanzu. Ka lissafa haya da abinci da iƙama da canjin Naira, wadda ba ta da alkawari. Kuma ƙasar mutane ƙasar mutane ce. Waɗanda ke Jami'ar Afirka a Khartum sun kwanta lafiya cikin azumin 2023, ranar 15 ga Afrilu suka tashi da ƙarar bindiga. Wasu suka kwashe kwanaki a kan iyakar Masar kafin a kwaso su, littattafai da takardu duk a baya. Annabi Musa da kansa, a tafiyarsa ta neman ilimi, ya ce wa yaronsa, "Lalle mun gamu da wahala a wannan tafiya tamu." Ka sa wahalar cikin lissafi.

Kada ka fita ba da yardar iyaye ba. Mutum ya zo neman izinin jihadi, Annabi ya tambaye shi ko iyayensa na raye, ya ce masa ya je ya yi jihadinsa a cikinsu. Idan gona aka sayar aka yi maka guzuri, duk safiyar da ka kwanta ka bar darasi, ka tuna wace gona ce. Ka riƙa kiran Inna, ba sai kuɗi sun ƙare ba.

Idan kuma Allah Ya dawo da kai, ka yi hattara da cutar da ke kama masu dawowa. Tsohon da ya koya maka "ba, sin, mim" a allo, wataƙila ainunsa ba ta fita kamar ta mutanen Hijaz. Ka je ka durƙusa ka gaishe shi kamar da. Na ga yaro ya yi shekara biyu a waje ya dawo yana gyara wa limamin garinsu karatu daga sahu na uku da ƙarfi, don a ji. Hammadu ya gyara wa ɗalibinsa ne a majalisin karatu, ba ɗalibi ya kunyata malaminsa a masallaci ba.

Ranar Talata muka raka yaron filin jirgi. Mahaifiyarsa ta ƙi fitowa daga mota, tana ta goge ido da gefen mayafi. Na riƙe hannunsa na yi masa addu'ar da Annabi ke yi wa matafiyi: "Astaudi'ullaha dinaka wa amanataka wa khawatima amalika." Ya ce amin. Na ce, "Me ya sa aka ce dinaka, ba a ce dinuka ba?" Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce, "Yaya, haka dai muka ji ana faɗa." Na ce kada ya tambayi waya, kada ya tambayi 'yan ɗakinsu, ranar da ya gano da kansa a aji, ya rubuto mini amsar da Larabci, ko layi biyu ne. Jiya ya turo cewa ya sauka lafiya, sanyi ya yi yawa, kuma an sa shi a aji na farko.