Wa ake ƙirgawa idan an ce yawan fasinja?

Duk sanda za a ba wata hanya motar haya ta gwamnati, tambayar farko ita ce yawan fasinja. Abin da masu tsara sufuri ke nufi da shi kuwa shi ne sau nawa aka hau mota, ba mutum nawa ba. Matar da ta hau acaɓa daga ƙauyensu zuwa bakin titi, ta shiga Golf zuwa Gumel, ta sake wata zuwa Maigatari, hawa uku ke nan, da komowa shida. Inda ake yankar tikiti lissafin yana tafiya daidai. A karkarar Jigawa, a ganina, cutar mu yake yi.

Ɗan kamasho lodi yake ƙirgawa, don a kansa yake samun nasa. Ba ruwansa da cewa an matse biyu a gaba, huɗu a baya, wani yaro a but yana rungume da akuya. Fasinjan hanya da direba ya tsinta bayan ya bar tasha, wannan sirri ne tsakaninsa da yaron mota. A-kori-kurar da ke kwasar mutane a kan buhunan riɗi, wa ya taɓa rubuta ta?

Ranar ƙirgen ma magana ce. Maigatari Alhamis take ci, Gujungu Lahadi. Jami'in da ya zo wata rana daban zai tarar ana ta "saura mutum ɗaya" tun hantsi har azahar, ya koma Dutse ya ce hanyar ba fasinja.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda bai hau ba. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya tashi, mutane suka rage zirga-zirga. Wata ta haƙura da awon ciki, wani ya aika da gaisuwar mutuwa ta waya, wasu suka koma amalanke da sayyada. Adadi ya ragu a takarda, alhali wannan ne lokacin da aka fi buƙatar mota mai sauƙi.

Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi, da reshensa na Dutse, zai buƙaci motocin da za su riƙa kawo masa mutanen ƙauye. Idan za a yi ƙirge dominsu, a yi mako guda cur, da damina da kaka, a tsaya a mararraba da bakin titi, a kuma shiga gari a tambayi masu unguwanni su wa suka fasa tafiya saboda kuɗin mota.