Dagin da Na Buga wa Surukina a Gadon Baya

Saura kwana goma ƙaramar Sallah ta 2024 uwargida ta tsaya a tsakiyar falo, ta riƙe ƙugu, tana duban bango kamar mai duba majinyaci.

"Malam, bangon nan fa ya gaji. Kuma Baba ya ce bana shi zai biyo ta nan da kansa in an sauko daga Idi a Ƙofar Mata, ya ga jaririn."

Gabana ya faɗi. A ƙa'ida ni ke zuwa gaishe shi, in durƙusa a zaure, in karɓi addu'a in fice. Ga shi yanzu zai shigo ya ga bangon da yara suka mayar allo: shatin hannu na manja, lissafin aji biyu da fensir, da jinin duk sauron da na kashe tun daminar bara.

Na kira mai fenti. Ya zagaya ɗakin, ya ɗaga kai ya dubi silin, ya faɗi kuɗin da ya kusa lashe rabin albashina na malamin firamare. Da na yi salati sai ya ce ai tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 komai ya tashi. Na tambaye shi ko burushin nasa da fetur yake aiki. Bai yi dariya ba, ya tura kekensa ya tafi.

Washegari na nufi Ƙofar Ruwa in sayo fentin da kaina. A can aka yi mini karatu: akwai mai ruwa, wanda ake sirkawa da ruwa, akwai mai mai, wanda sai da kananzir ko tina. Da aka faɗa mini kuɗin bokiti mai lita 20, sai na ce bari in je in yi shawara, wato dai sai wata rana.

A cikin adaidaita ne ɗakin kakata na ƙauye ya faɗo mini a rai. Ɗaki ne fari tas, an yi masa daɓe da makuba, ga jeren tasoshi har rufi, kuma fentin kanti bai taɓa shiga cikinsa ba. Farar ƙasa ce kawai. To me zai hana? Na sauka na sayi farar ƙasa, na haɗa da bula irin ta wanki da burushi guda, duka kuɗin bai kai na kaza ba. Na dawo gida ina tafiyar wanda ya ci riba a kan duniya.

Da na tsaya nan da an rabu lafiya. Amma da daddare na ci karo da wata Baturiya a YouTube, ta yanke fure a jikin kwali, ta manna a bango, ta shafa launi, ta cire, cikin minti uku ɗakinta ya koma otal. Na ce ni ba fure zan yi ba, dagin Arewa zan yi, irin wanda magina ke fitarwa a fuskar tsofaffin gidajen Kano da Zariya. Na samo kwalin taliya da reza. Na farko ya fito kamar gizo-gizo da mota ta taka. Na biyu uwargida ta tambaye ni ko taswirar shataletale ce. A na uku, bayan na yanke ɗan yatsa, dagi ya yarda ya zama dagi.

Aikin shafe kuwa da azumi a bakina na yi shi, cikin zafin Afrilun Kano, wanda ko ƙadangare ke neman inuwa. Ita farar ƙasa tana da wani hali: in tana jiƙe sai ta yi toka-toka kamar an watsa wa bango ruwan wanke-wanke, sai ta bushe take nuna haskenta. Uwargida ta leƙo a lokacin tokar, ta ce, "Inna lillahi," ta koma. Da la'asar bango ya yi fari fat, na kira ta, ban ce komai ba, na dai harɗe hannu.

Sai dagi. Na dama bula da kauri cikin sauran farar ƙasar, ta yi shuɗi mai duhu kamar an tsamo daga marina. Na yi niyyar jera su can sama, amma ba ni da tsani, ƙafafuna kuma sun daina karɓar umarni. Don haka a zaune na buga su, guda bakwai, reras, daidai tsayin bayan mutum in ya zauna a ƙasa. Ku riƙe wannan.

Kwana uku bayan haka babbar 'yata ta dafa bangon, tafin hannunta ya fito fari. Na ce bai gama bushewa ba ne. Ni da na shekara goma sha biyu ina kaɗe alli daga rigata, ni ne na kasa gane alli don an shafa shi a bangona.

Ranar Sallah Baba ya iso cikin farar shadda, babbar riga ta sha sitaci da bugu, tana ƙara in ya motsa. Na nuna masa kujera, ya ce a'a, gwiwarsa ta fi son ƙasa. Ya zauna kan darduma, ya miƙe ƙafa, ya jingina da dagi na huɗu, wanda ya fi kowanne kyau. Ko minti biyar ba a yi ba aka ɗauke wuta, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe yana tururi. Baba ya ci, ya yi gumi, ya karɓi jariri ya yi masa addu'a, ya ƙara gyara jingina. Ni ina durƙushe a bakin ƙofa, kaina a sunkuye.

"Malam, wa ya yi muku wannan aiki haka?"

"Ni ne, Baba."

"Madalla. Namiji ke nan. Allah ya yi albarka."

Da ya miƙe, abin da na fara gani shi ne dagi na huɗu ya dushe a bango. Da ya juya zai sa takalmi sai na ga inda ya koma. Ga shi nan a tsakiyar gadon bayansa, shuɗi shar, babu kusurwar da ta ɓace. Ko a bangon bai fito haka ba.

Uwargida ta zaro ido ta dube ni, na dube ta. Ita ta ga ai ni na yi aikin, ni ya kamata in yi magana. Ni kuma da wane bakin? Mutumin da ko sunansa ba na iya faɗa, ko ido ba ma haɗawa, shi zan ce wa ya tsaya in kaɗe masa baya? Na bi shi har ƙofar gida, bakina na motsi.

"Baba..."

"Na'am?"

"Allah ya kiyaye hanya."

Gida huɗu ya shiga gaisuwar Sallah a ranar. A na huɗun ne, can Fagge, wani amininsa ya tambaye shi wane tela ne ya fara yi wa babbar riga irin wannan aikin a baya, yana so a kai shi.

Da dare na kira kakata in yi mata barka da Sallah, labari ya riga ni isa. Sai da ta yi dariya har da tari.

"Kai maigidan, ka sa ƙaro kuwa?"

"Wane ƙaro?"

"Ko almajiri ya san ba a haɗa tawada babu ƙaro. Me zai riƙe ta a bangon, addu'arka? Na fasa auren."

Bayan Sallah da kwana biyar aka yi sallama. Mai fentin nan ne, da kekensa. Ya ce Alhaji ne ya turo shi, ya biya kuɗin fenti, ya kuma ce a gaishe da Malam. Ya shiga falo, ya goga yatsa a bango, ya dubi yatsan. Ya ce sabon fenti ba zai kama a kan wannan garin ba, sai an kankare an wanke tukuna, kuma kuɗin kankara daban ne, Alhaji bai biya shi ba.

"Amma wane ɗan koyo ne ya yi muku wannan ɓarnar?"

Na ce wani yaro ne a nan unguwa.

Daga bayan labule 'yata ta ce, "Abba ne. Ga ma kwalinsa can a ƙarƙashin gado."