Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Batun Tallar 'Yan Wasan Sakandare a Amurka

A watan Janairun 2003, hukumar wasannin makarantun sakandare ta jihar Ohio ta dakatar da wani ɗalibi ɗan shekara 18 mai suna LeBron James daga buga ƙwallon kwando. Laifinsa shi ne ya karɓi kyautar riguna biyu daga wani kanti a Cleveland, kuɗinsu dala 845. A lokacin makarantarsa da ke garin Akron ta riga ta mayar da wasanninta filin jami'ar garin domin zaurenta ya yi wa 'yan kallo kaɗan, tashar ESPN kuma tana nuna wasansa kai tsaye. Kowa na lasar romon sunan yaron, shi kaɗai aka hana. Alƙali ya rage hukuncin zuwa wasanni biyu, bayan 'yan watanni kuma kamfanin Nike ya ba shi kwantiragin kusan dala miliyan 90.

Wannan tsohon tsari ya rushe ne daga sama. A 2019 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta ba 'yan wasan jami'a damar cin moriyar sunansu. A watan Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta ka da hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, a shari'ar Alston kan iyakar tallafin karatu da ake ba 'yan wasa, alƙalai tara baki ɗaya. Ranar 1 ga Yuli hukumar ta ɗage haramcin talla. Amurkawa na taƙaita abin da haruffa uku, NIL, wato suna da hoto da kamanni. Da ruwan ya ci jami'o'i sai ya gangaro sakandare, inda babu hukuma guda mai iko da kowa: kowace jiha da hukumarta da dokarta. Yau akasarin jihohin sun amince, Jojiya a 2023, Fulorida a 2024, wasu kuma sai da kotu ta tilasta musu.

Ra'ayina shi ne a bar yaran su karɓi kuɗinsu. Ɗalibar da ta iya waƙa tana iya samun kuɗi a YouTube ba tare da an kore ta daga ƙungiyar mawaƙan makaranta ba. Wanda ya iya zane yana sayar da zanensa. Babu hujjar ware mai gudu da tsalle a ce shi kaɗai baiwarsa ba ta sayuwa, alhali shi ne baiwarsa ta fi saurin ƙarewa. Jijiyar gwiwa guda ta tsinke, magana ta ƙare. Cikin miliyoyin yaran da ke wasa a sakandaren Amurka, ƙalilan ne ke samun gurbi a ƙungiyoyin jami'a, cikinsu ma ɗan tsiraru ne ke zama ƙwararru. Ga mafi yawansu, shekara biyun nan da garinsu ya san sunansu ita ce kasuwar gaba ɗaya. Kuma kasuwar ƙarama ce: mai gidan abinci ya ba da dala ɗari biyu a sa hotonsa a Instagram, ko yaron ya buɗe horon ƙanana lokacin hutu yana karɓar kuɗin shiga. Irin kwantiragin da Nike ta ba 'yan ƙwallon kwando Bronny James, ɗan LeBron, da JuJu Watkins a 2022 suna sakandare, ana ƙirga masu shi da yatsu.

Haramcin ma bai hana komai ba. A 2021 dokar Texas ta hana ɗan sakandare talla, sai Quinn Ewers, wanda ake ganin ya fi kowa a ƙwallon ƙafar Amurka (American football, mai kama da rugby) a ajinsa, ya tsallake shekararsa ta ƙarshe ya tafi jami'ar Ohio State, inda rahotanni suka ce ya sa hannu a yarjejeniyar dala miliyan 1.4. Sau biyu kacal aka miƙa masa ƙwallo a wasa a wannan kaka, daga nan ya koma Texas. Dokar da aka yi don ta riƙe yaro a aji ita ta fitar da shi.

Inda masu adawa ke da gaskiya shi ne batun saye. Talla daban, sayen ɗan wasa daban, amma a takarda kamanninsu ɗaya. Attajirin da ke son tsohuwar makarantarsa ta ci kofi zai iya kiran yaro daga wata unguwa ya ce ga kwantiragin tallar shagonsa, sharaɗin da ba a rubuta ba shi ne ya sauya makaranta. Shi ya sa dokokin jihohin suka yi kama da juna: ba a sa rigar makaranta ko tambarinta a talla, ba a ɗauka a filinta, koci da ma'aikatan makaranta ba sa shiga tsakani, ba a ɗaura biya a kan yawan ƙwallon da aka ci ko makarantar da aka shiga, kuma babu tallar giya, taba, caca ko makamai. Dokokin suna da kyau. Matsalar ita ce hukumomin jihohi ba su da ma'aikatan bin diddigi, kuma ba kotu ba ne da za su tilasta wa mutum ya buɗe asusun bankinsa. Abin da za su iya yi cikin sauƙi shi ne su wajabta kai kowane kwantiragi ofishinsu cikin 'yan kwanaki, su kuma sa ido musamman kan wanda aka ƙulla dab da sauya makaranta.

Amma haɗarin da ya fi damuna yana cikin takardar da ake miƙa wa iyaye. Ɗan ƙasa da shekara 18 ba ya ƙulla yarjejeniya mai ɗaure shi, saboda haka uwa ko uba ke sa hannu, sau da yawa ba tare da lauya ba. Wurare huɗu ake kama su. Na farko wa'adi: kalmar da ke ba kamfani ikon amfani da hoton yaro har abada a kan biya guda. Na biyu keɓancewa: ya yi tallar wani ƙaramin abin sha yau, ya rufe wa kansa ƙofar duk kamfanonin abin sha na shekaru. Na uku la'adar dillali. Ƙungiyar 'yan wasan NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon ƙafar Amurka, ta ƙayyade wa wakilai kashi 3 cikin ɗari a kwantiragin wasa, amma a harkar talla kashi 15 zuwa 20 aka saba, kuma babu mai hana dillalin yaro ya wuce haka. Na huɗu shi ne mafi muni, wato bashi da aka yi wa rigar talla. Gervon Dexter yana jami'ar Fulorida ya karɓi dala 436,485 daga wani kamfani, a madadin kashi 15 na duk abin da zai samu a NFL har shekara 25. Sai da ya shiga NFL ya garzaya kotu a 2023. Wannan ɗan jami'a ke nan. To ina ga ɗan shekara 16 da gidansu ake bin kuɗin haya?

Akwai kuma alkawarin da ba ya cika. Jaden Rashada yana sakandare a Kalifoniya aka yi masa tayin dala miliyan 13.85 don ya zaɓi jami'ar Fulorida. Ya janye alkawarin da ya yi wa jami'ar Miami, ƙungiyar magoya bayan Fulorida da ta yi tayin ta soke shi, magana ta kai gaban alƙali a 2024.

Maganin ba sabo ba ne. Tun 1939 Kalifoniya ke da dokar Coogan, wadda aka sa wa sunan wani yaro ɗan fim da ya girma ya tarar mahaifiyarsa da mijinta sun cinye dukiyarsa. A yau dokar tana wajabta a ajiye kashi 15 na kuɗin yaro mai fitowa a fim a asusun da ba a taɓawa sai ya kai 18. A shimfiɗa irinta kan 'yan wasa a kowace jiha, a ƙara da cewa duk kwantiragin ɗan sakandare ya mutu ranar da ya kammala makaranta, a kuma sa wa la'ada iyaka.

Sai haraji, wanda iyalai da yawa ba sa tunawa sai takarda ta iso. A idon hukumar harajin Amurka yaron mai sana'ar kansa ne. Da zarar ribarsa ta kai dala 400 a shekara, harajin kashi 15.3 ya hau kansa, wato kusan dala 700 a kan dala 5,000. Takalma da wayar da aka ba shi a madadin talla su ma ana lissafa su a matsayin kuɗin shiga.

Ga iyayen da 'ya'yansu suka tafi Amurka daga Najeriya ko Senegal ko Kamaru don karatu da ƙwallon kwando, lissafin ya bambanta. Bizar ɗalibai ta F-1 ba ta yarda da irin wannan aiki a cikin ƙasar ba, ko da dokar jihar ta halatta wa abokan wasansu. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango, yana jami'ar Kentucky, sai da ƙungiyarsa ta je Bahamas a 2022 ya samu damar ɗaukar tallarsa a can. Yaron da ke kan wannan biza ya karɓi dala ɗari uku daga mai shagon unguwa, yana iya rasa izinin zamansa a kai, don haka lauyan shige da fice ake fara nema kafin a amsa wa kowane dillali.