Mitar da Take Faranta Mini Rai

Bayan da na haɗa wa injin jan ruwan gidanmu na'urar rage gudu da ƙara shi, sai bureka, wato abin da ke yanke wuta idan ta yi yawa, mai amfiya 16 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bin waya) ta tsiro da sabuwar ɗabi'a, ta riƙa faɗuwa duk lokacin da tanki ya kai rabi, wayar kuma ta ɗauki zafi har hannu ba ya iya daɗewa a kanta. Na ɗauko mitata mai baki, wadda na saya da araha a kasuwa, na maƙala wa wayar da ke shiga na'urar, ta nuna mini 13. Tun da 13 ba ta kai 16 ba, sai na yanke hukunci cewa burekar jabu ce, na je na yi wa mai shago wa'azi a kan cin amana a gaban kwastomominsa. Ya ba ni wata, ita ma ta faɗi. Uwargida ta fara maganar a kawo hayaƙin habbatussauda.

Daga ƙarshe na kira wani dattijo mai gyaran wuta. Ya maƙala tasa mitar, mai rubutun True RMS a goshi, wato mai auna wuta gwargwadon zafin da take haifarwa a waya, a jikin wannan waya dai, sai ga 21.

Na ce, "Baba, taka ta lalace."

Ya ce, "Ɗana, taka ce take yi maka ladabi."

Ya zaunar da ni ya bayyana cewa irin tawa matsakaicin wuta take aunawa, sannan ta ninka shi da 1.11, kuma wannan lissafi yana yin daidai ne kawai idan wutar tana hawa da sauka a hankali, sau 50 a daƙiƙa, kamar yadda take zuwa daga layi. Ita kuwa na'urar tawa fizgar wuta take yi a ƙanƙanin lokaci don ta cika kafasitocinta, wato ma'ajiyar wuta da ke cikinta, sannan ta tsaya cik, shi ya sa mitar matsakaici take iya rage kusan kashi 40 cikin 100. Zafin waya yana bin ninkin wutar da kanta ne: amfiya 10 na rabin lokaci matsakaicinsu 5 ne, amma RMS ɗinsu ya ɗan haura 7, zafinsu kuwa ninki biyu ne na amfiya 5 masu tafiya bai ɗaya. Burekar ba ta san matsakaici ba, zafin take ji, saboda haka duk gidan ita kaɗai ce take faɗin gaskiya.

Na tambaye shi ko in jefar da mitar, ya ce a'a, in ajiye ta don auna dutsen guga da hita, domin a nan ba ta ƙarya. Sannan ya rubuta mini kuɗin waya mai kauri da sabuwar bureka, ya ƙara da cewa shago ɗaya ne yake da mai kyau a unguwar. Na aiki ƙanina, na kuma gargaɗe shi kada ya ambaci sunan gidanmu.