Kurzarbeit ba aikin wucin gadi ba ne

A watan Afrilun 2020, da korona ta tsayar da masana'antu, ma'aikata kusan miliyan 6 ne a Jamus suka shiga tsarin da ake kira Kurzarbeit. Kalmomi biyu aka haɗa: kurz, wato gajere, da Arbeit, wato aiki. Masu fassara labarai kan ce "aikin wucin gadi" ko "rabin aiki", kuma duka biyun kan ɓatar da mai sauraro.

Ɗan wucin gadi an ɗauke shi ne ya yi ya tafi. Mai rabin aiki, wanda Jamusawa ke ce wa Teilzeit, da saninsa aka rubuta masa 'yan sa'o'i a yarjejeniya, ba mai cike masa gibi. Shi kuwa Kurzarbeit na ma'aikacin da kasuwa ta juya wa kamfaninsu baya ne. Maimakon sallama sai a rage masa sa'o'i, wani har a ce ya zauna gida gaba ɗaya, amma sunansa na nan a takardar albashi.

Ana kuma cike masa wani ɓangare na albashin da ya rasa. Cikon daga asusun inshorar rashin aiki yake fitowa, wanda ma'aikata da kamfanoni ke zuba wa kuɗi duk wata, don haka kiransa kyautar gwamnati ma kuskure ne. Ana biyan kashi 60 cikin 100 na abin da mutum ya rasa daga albashin da ke shiga hannunsa, ko 67 in yana da ɗa. Wanda ya rasa Yuro 1,000 zai samu 600, mai ɗa 670. A ƙa'ida wata 12 ne, gwamnati na iya ja zuwa 24.

Inda ake tuntuɓe shi ne takardu. Dole kamfani ya sanar da ofishin samar da aiki a rubuce cikin watan da aka fara ragin, in ya makara kuɗin watan sun wuce shi. Kamfanin ne kuma ke fara biya daga aljihunsa kafin a mayar masa. Masu Minijob, wato ƙananan ayyuka masu ɗan albashi, ba sa ciki, tunda ba sa zubi a asusun. Cikon ba a cire masa haraji, amma yana ɗaga kason harajin da ake caje sauran albashin, shi ya sa wasu ke ganin takardar bashin haraji a shekara mai zuwa su riƙe baki.

A ganina a riƙa cewa "ragin sa'o'in aiki da cikon albashi". Ya ɗan yi tsawo a bakin mai karanta labarai, amma in aka yar da "cikon albashi", ragin albashi kawai mai sauraro zai ji.