Mai goyon bayan da ba ya yoyo

A jaridun Ingila, idan tsohon ɗan jam'iyya ya mutu, da wuya ka karanta tarihinsa ba ka ci karo da kalmar staunch ba. Da ita suke yabon wanda ya tsaya a kan abu bai gusa ba. Asalinta kuwa ba siyasa ba ce. Daga tsohon Faransanci ta shigo, estanche, kuma a ƙarni na 15 jirgin ruwa ake siffantawa da ita: wanda aka cusa zaren igiya a tsakanin katakansa, aka liƙe da kwalta, ko ɗigo ba ya shiga. 'Yar'uwarta, kalmar stanch, har yau ana amfani da ita wajen tsayar da jinin rauni.

Mu a gida cewa muke ɗan ga-ni-kashe-ni, ko ɗan a-mutu. Namu yabon yana kan zafi da ɗaga murya, nasu yana kan rashin yoyo. Ni dai nasu ya fi kwanta mini a rai, domin na ga masu rantsuwa da safe sun sauya sheƙa kafin la'asar, an canza hula, an canza hoton da ke jikin mota, maroƙi ma bai canza kiɗa ba.

Ba wai ba mu san irin wannan tsayuwa ba. 'Yan NEPU da aka kafa a Kano a 1950 sun sha bulala da ɗauri a hannun 'yan doka da kotunan alƙalai, aka kori wasu daga garuruwansu, ba su saki Malam Aminu ba. Aƙida suka riƙe, ba aljihun wani ba, kuma babu kwangilar da ke jiransu.

Sai dai Turawan ma jirginsu yana ɓulewa. Dennis Skinner, tsohon mai haƙar kwal, ya wakilci mazaɓar Bolsover a majalisar dokokin Birtaniya a jam'iyyar Labour tun 1970, amma a zaɓen 2019 mutanen da iyayensu ba su taɓa zaɓar wata jam'iyya ban da Labour ba suka kayar da shi, galibi saboda rigimar ficewa daga Tarayyar Turai. Shekara 49 suka yi tare da shi kafin su juya baya, kuma sun faɗi dalilinsu a fili. A wajenmu gwamna ne ke kwasar 'yan majalisa da kansiloli a dare ɗaya, talakan da ya tsaya a layi cikin rana sai a rediyo zai ji.