Ga ƙannena na Katsina da kaya ya yi wa nauyi

Akwai ayar da kowa ke kawowa a wajen jaje da ta'aziyya, aya ta 286 a Suratul Baƙara: Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Muna faɗin ta da sauri kamar gaisuwa, har wasunku sun daina jin ta a zuciya. Saurayin da 'yan bindiga suka raba da ƙauyensu a Batsari ko Jibiya, ko wanda shagon mahaifinsa ya ƙone a gobarar Babbar Kasuwa ta 2021 kuma har yau gidansu bai farfaɗo ba, in ka karanta masa ita, a ransa cewa yake yi, ni dai nawa ya fi ƙarfina.

Ku ji yadda ta sauka. Imamu Muslim ya ruwaito cewa da aya ta 284 ta zo da batun hisabi a kan abin da mutum ya bayyana da wanda ya ɓoye a ransa, sahabbai sun je wajen Annabi (SAW) suka durƙusa, suka ce salla da azumi da jihadi da sadaka duk sun iya, amma wannan ba za su iya ba. Ya umarce su su ce mun ji, mun bi, gafararka muke nema Ubangijinmu. Da suka faɗa, sai sauƙin ya sauka a aya ta 286. Ashe waɗanda suka fi mu imani ma sun taɓa kukan nauyi. Kuma a cikin ayar aka koya mana roƙon kada a ɗora mana abin da ba mu da ikon ɗauka.

Ba a yi wa mumini alkawarin ba zai sha wuya ba. Aya ta 155 a wannan surar ta lissafa tsoro, da yunwa, da raguwar dukiya, da rayuka, da amfanin gona. Bakatsinen yau babu wanda bai sani ba a cikinsu. Iyakar da aka sa tana kan abin da za a tambaye ka. Ba za a tambaye ka me ya sa ka yi kuka ba. Annabi Yakubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ya ce Allah yake kai wa ƙara. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Wanda ya kasa salla a tsaye ma an ce ya yi a zaune, in ya kasa ya yi a kishingiɗe.

Abin da za a tambaye ka shi ne inda ka nufa da zafin ya kama ka. Nan ne nake jin tsoro a kanku. Wani ya koma kodin da tiramol don ya manta, gari ya waye matsalar tana nan, ga kuma sabuwa. Wani ya zama infoman 'yan bindiga, yana sayar da maƙwabcinsa don kuɗin da ba zai kai shi ƙarshen wata ba. In an yi magana su ce talauci ne. Talaucin gaskiya ne, amma ƙin taɓa kwalbar da ƙin nuna gidan maƙwabci ba su fi ƙarfin kowa ba. Haƙuri kuma ba ya hana ka faɗa wa yayanka ko limamin unguwarku cewa ka kusa gazawa, ba ya hana ka ganin likita in barci ya ƙaurace maka.

Ku kuma masu hali da kuke karanta wa yaran nan ayar alhali hannunku yana aljihu, ku ji tsoron Allah. Ku ma ana jarraba ku da su, kuma tiya ɗaya ta gero ko jarin fara sana'a bai fi ƙarfinku ba.